Kimiyya a Rumfar Mai Gahawa ta Bakin Titi

A jihohin Oregon da Washinton na arewa maso yammacin Amurka, matafiyi ba zai yi nisa a kan titi ba sai ya ci karo da wani ɗan ƙaramin gini a gefen hanya, wanda girmansa bai wuce na shagon mai tireda ba. Babu kujera a cikinsa, babu teburin baƙi, babu kuma ƙofar da mai saye zai shiga. Abin da yake da shi taga ce, wani lokaci guda biyu, ɗaya a kowane gefe. Mota za ta tsaya, direba ya sauke gilashi ya faɗi abin da yake so, a miƙo masa gahawa mai zafi a cikin kofin takarda, ya biya ya wuce, ko injin motarsa bai kashe ba. Tun da asuba ake buɗe irin waɗannan rumfuna, domin cinikinsu na ma'aikata ne masu sammakon zuwa wurin aiki.

Ga mai kallo daga waje, da wuya a sami sana'a mai sauƙi kamar wannan. Kuɗin haya kaɗan ne, ma'aikata biyu sun isa, kaya kuwa ruwa ne da gari da madara. Wannan sauƙin da ido ke gani shi ya sa mutane da dama suke kwashe ajiyarsu, su ƙara da bashi, su sayi inji na dubban daloli su buɗe taga. Amma alƙaluman ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka sun daɗe suna nuna cewa cikin kowace sabuwar sana'a biyar da aka buɗe a ƙasar, kimanin ɗaya ba ta kai ƙarshen shekarar farko, kusan rabi kuma ba sa kai shekara biyar. Mai sabuwar rumfa yakan ɗauka abin da zai kayar da shi rashin masu saye ne. Hakan na faruwa. Sai dai akwai abin da ya fi wannan kusa da shi, wato kusan duk abin da ke cikin rumfarsa yana canzawa da tafiyar lokaci, kuma kowanne da irin saurinsa. Wani a cikin daƙiƙoƙi yake ɓaci, wani a cikin sa'o'i, wani a cikin makonni. Ribarsa ta rataya ne a kan sanin waɗannan lokuta.

Daga Garken Shanu Zuwa Bakin Taga

Sayar da abinci ta taga ya girmi rumfar gahawa. A shekarar 1948 aka buɗe shagon In-N-Out Burger a Baldwin Park ta jihar Kalifoniya, inda direba ke magana da mai dafa abinci ta wata na'urar magana ba tare da ya fito ba. Kamfanin McDonald's bai bi sahu ba sai a 1975, a garin Sierra Vista na jihar Arizona, kuma dalilinsa sojoji ne na wani barikin da ke kusa, waɗanda aka hana su fitowa daga mota a cikin gari sanye da kakin aiki.

Gahawa ta biyo baya. A shekarar 1992 wasu 'yan'uwa biyu, Dane da Travis Boersma, waɗanda suka gaji kiwon shanun madara iyaye da kakanni, suka ga kiwon ya daina biyan buƙata. Suka sayi injin gahawa, suka ɗora shi a kan 'yar kura ta hannu, suka kafa kusa da layin dogo a garin Grants Pass na jihar Oregon. Daga wannan kura kamfanin Dutch Bros ya samo asali, kuma daga baya ya karkata ga sayarwa ta taga. Dane ya rasu a 2009. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2021, a 2025 kuma ya buɗe shagonsa na 1,000. Labari ne da masu shirin buɗe rumfa ke son ji. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa mutanen nan makiyaya ne, sun san halin madara tun suna yara, kuma kamar yadda za a gani nan gaba, madara ita ce rabin aikin.

Ƙwayar da ke Numfashi a Cikin Buhu

Gahawa ƙwallon ɗan itace ne. Bishiyar takan haifi 'ya'ya jajaye masu girman ɗan kurna, a cikin kowanne akwai ƙwaya biyu suna fuskantar juna. Ɗanyar ƙwayar kore-kore ce, mai tauri, kuma ba ta da wani ƙamshi sai irin na busasshiyar ciyawa. Duk ƙamshin da ke jawo direba ya tsaya a wurin suya ake samar da shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, sukarin da ke cikin ƙwayar da ɓangarorin furotin sukan haɗu su haifar da sababbin sinadarai. Wani masani ɗan ƙasar Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce dai ke ba tsire da ƙosai da ɓawon burodi launinsu da ƙamshinsu. A soyayyar gahawa an gano sinadarai masu tashi a iska fiye da 800.

Suyar takan bar iskar kabon-dayoksaid mai yawa a maƙale cikin ƙananan ramukan ƙwayar, ta yi ta fita sannu a hankali har tsawon kwanaki. Shi ya sa ake sa wa buhunan gahawa wani ɗan murfi mai barin iska ta fita amma ya hana ta shiga, in ba haka ba buhun sai ya kumbura. Gahawar da aka soya jiya ba ta dace da inji ba, domin iskar da ke tasowa daga garinta takan ture ruwa ta hana shi ratsawa daidai. Sai ta huta 'yan kwanaki. Idan kuma ta yi makonni, musamman bayan an buɗe buhu, iskar oksijin takan far wa man da ke cikinta, ƙamshi ya gudu, ya bar wari irin na tsohuwar gyaɗa.

A nan mai sabuwar rumfa ke yin kuskurensa na farko. Dillali zai rage masa farashi in ya sayi buhuna da yawa a lokaci guda, shi kuwa bai san ko mota nawa za su tsaya masa a rana ba. Araha ba ta ado. Buhun ƙarshe zai kai lokacin buɗe shi bayan ya riga ya mutu.

Da zarar an niƙa ƙwayar, lissafin ya tashi daga makonni ya koma mintoci. Ɗalibi na iya gwada dalilin da alƙalami. A ɗauki dunƙule mai murabba'in fuska shida, kowane gefe santimita 1. Faɗin fuskokinsa duka murabba'in santimita 6 ne. In aka yanka kowane gefe kashi 10, za a sami ƙananan dunƙule 1,000, nauyi bai ƙaru ba, amma faɗin fuskar da iska ke taɓawa ya koma 60. Injin niƙa yakan farfasa ƙwaya fiye da haka nesa ba kusa ba. Saboda haka a rumfar kirki ba a niƙa gari a ajiye. Sai mota ta tsaya ake niƙa na kofinta.

Daƙiƙa Talatin

Irin gahawar da rumfunan nan ke yi ana kiranta esfireso, kuma daga Italiya ta fito. Angelo Moriondo na birnin Turin ya yi rajistar injin tururi na dafa gahawa a 1884, Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi a 1901, sa'an nan injin Faema E61 na 1961 ya yaɗa amfani da famfon lantarki wajen tura ruwa, wanda a kansa injinan yau suka ginu. Manufar tun farko sauri ce. Maimakon a jiƙa gari a jira, sai a tilasta wa ruwan zafi ratsa shi da ƙarfi.

Ga yadda ma'aunin da aka saba yake. Ana zuba gari kimanin giram 18 a wani ɗan kwandon ƙarfe mai ƙananan huji, a danne shi. Ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 ya sauko masa da matsi ninki tara na nauyin iskar da ke kewaye da mutum, wato kusan ninki huɗu na iskar da mai faci ke bugawa a tayar ƙaramar mota. Cikin daƙiƙa 25 zuwa 30 a sami ruwan gahawa mai kauri kimanin giram 36.

Me ya sa aka tsananta a kan daƙiƙoƙin nan? Domin sinadaran da ke cikin garin ba tare suke narkewa ba. Masu tsami su ke fara fitowa, masu zaƙi da ƙamshi su biyo, masu ɗaci da bauri su zo daga ƙarshe. Kimanin kashi 30 cikin ɗari na nauyin garin ne ruwa ke iya narkarwa, amma binciken da Ernest Lockhart ya yi a Amurka a shekarun 1950 ya nuna cewa yawancin masu sha sun fi son kofin da aka tatso kashi 18 zuwa 22 kawai. In garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai zarce cikin daƙiƙa 15, a sami abu mai tsami salam. In ya yi laushi ƙwarai, ruwa zai maƙale yana ɗiga, a sami ɗaci. In kuma ba a danne garin daidai ba, ruwa zai nemi wuri mai rauni ya huda ya bi, kamar yadda ruwan sama ke yanka kwazazzabo a gona ya bar sauran ƙasa a bushe. A nan kofi ɗaya zai haɗa tsami da ɗaci gaba ɗaya.

Wahalar ita ce, saitin da ya yi daidai da asuba ba lalle ya yi daidai da hantsi ba. Injin niƙa yakan ɗauki zafi, garin gahawa yakan sha laimar da ke cikin iska, ƙwayar kuma ta ƙara tsufa da kwana ɗaya. Mai babban shago yana da bango da ƙofa. Mai rumfa tagarsa a buɗe take tun safe, sanyi da damshi suna shigowa yadda suka ga dama. Dole ya riƙa duba agogo da sikeli yana gyara laushin niƙa. Kowane gwaji kuwa giram 18 ne ya tafi kwandon shara, alhali kilo guda ba ya ba da fiye da kofi 55. Ma'aikacin da ke zubar da biyar kowace safiya kafin ya dace, cikin kwana 11 ya zubar da kilo guda.

Ruwan ma da nasa hali. In yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da yawa, zafi zai sa ya kwanta a bututun inji ya zama farin dutse, irin wanda ake gani a gindin butar da aka daɗe ana tafasa ruwan rijiya a ciki. Ranar da bututu ya toshe, rumfa mai inji ɗaya ta rufe ke nan.

Madara

Mafi yawan abin da ake miƙawa ta taga ba baƙar gahawa ba ce. Kofin da ake kira latte, alal misali, ruwan gahawar da ke cikinsa bai wuce cokali biyu ko uku na miya ba, sauran duk madara ce da aka hura wa tururi. Ke nan mai rumfa, ko ya sani ko bai sani ba, mai sayar da madara ne.

Madarar shanu kimanin kashi 87 cikin ɗari ruwa ce, sauran kuwa sukarin madara ne da kitse da furotin da gishirin jiki. Idan aka tsoma bakin bututun tururi a cikinta, iska takan shiga ta zama ƙananan kumfa, furotin kuma ya baje ya lulluɓe kowace ƙwayar kumfa kamar fata, ya hana ta fashewa. Wannan yana tafiya daidai har zuwa digiri 60 ko 65. Da an haura 70, wani furotin na ruwan madara yakan warware ya saki sinadarai masu ƙibiritu, madarar ta ɗauki ƙaurin dafuwa, zaƙinta ya dushe. Ba a gyara ta bayan haka. Madarar da aka taɓa hurawa ta huce ba ta sake yin kumfa mai kyau, saboda furotin ɗinta ya riga ya sauya siffa. Saboda haka duk abin da ya saura a gindin jug asara ne, kuma sabon ma'aikaci yakan zuba fiye da buƙata sau ɗari a yini.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. Ta biyun ta fi ta muni. Abin da ya sa madara ta zama abinci mai gina ɗan maraƙi shi ne ya sa ta zama abinci ga ƙwayoyin bakteriya. Madarar kanti an riga an ɗumama ta a digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe masu cutarwa, amma wannan ba ya kashe komai da komai. Akwai irin su Bacillus cereus waɗanda ke ƙudundunewa cikin ɓawo mai tauri su tsallake zafin, su jira yanayi ya yi musu daɗi. Akwai kuma waɗanda ke shiga daga hannu da tsumma bayan an buɗe galan. A ɗumin da ya dace da su, wasu ƙwayoyin kan rabu biyu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya za ta zama 8 cikin sa'a guda, ta zama 4,096 cikin sa'a 4, ta haura miliyan 2 cikin sa'a 7. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce a riƙe irin wannan abinci a digiri 5 ko ƙasa da haka.

Matan Fulani masu kindirmo su ma da ƙwayoyin bakteriya suke aiki, amma su zaɓaɓɓu suke gayyata. Ɗan tsohon nonon da ake zubawa a sabuwar madara yana ɗauke da ƙwayoyin da ke mayar da sukarin madara tsami, tsamin kuma ya hana yawancin miyagun ƙwayoyi sakewa. Mai rumfa ba shi da wannan garkuwa, don madararsa ba a son ta yi tsami ko kaɗan. Sanyi kaɗai ke tsare ta, a cikin ɗan ɗakin da injin gahawa ke fitar da zafi duk yini, firijin kuma ana buɗe shi kusan duk lokacin da mota ta tsaya. Galan ɗin da aka bari a kan kanta lokacin cunkoso, da bututun tururin da ba a goge ba har madara ta bushe a bakinsa, da tsumma ɗaya da ke share komai, nan ne matsala ke farawa. Jami'in lafiya da ya zo duba rumfa ba ruwansa da daɗin gahawa. Ma'aunin zafi zai fara cusawa a firiji.

Zafin Kofi da Fatar Mutum

A watan Fabrairu na 1992, wata dattijuwa mai shekara 79, Stella Liebeck, ta sayi gahawa ta tagar McDonald's a birnin Albuquerque. Jikanta ya tsayar da mota, ta sa kofin tsakanin gwiwoyinta don ta buɗe murfi, ya kife mata. An ce a kotu ana riƙe gahawar a digiri 82 zuwa 88. Wandon da ke jikinta ya tsotse ruwan ya manne shi a fata, ta ƙone har ƙasan fata, ta kwana 8 a asibiti, aka yi mata dashen fata. A 1994 masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗora wa kamfanin mafi yawan laifin. Mutane da yawa sun mai da shari'ar abin dariya, amma ilmin halittu yana bayan dattijuwar. Furotin ɗin fata yakan lalace da zafi kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a kasko. Ruwa mai digiri 60 yana buƙatar daƙiƙoƙi kafin ya yi mummunar ƙuna, mai digiri 70 kuwa kimanin daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. Duk kofin da ke fita ta taga zai shiga mota mai motsi ne, don haka murfin da bai zauna ba ba ƙaramin abu ba ne. Har ila yau, a 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo dajin maƙoshi, ko shayi ne ko gahawa. Masu kurɓar shayi yana tururi su ma maganar ta shafe su.

Lissafin Layi

Yawancin cinikin yini yakan zo ne cikin sa'o'i kaɗan na safiya. Saboda haka gefen titin da aka kafa rumfa yana da muhimmanci. A Amurka hannun dama ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya tun 1972, kuma rumfar da ke hannun daman masu shiga gari da safe ta fi wadda sai direba ya tsallaka titi kafin ya kai gare ta.

Sa'an nan sai layi. A ce kowace mota tana ɗaukar minti 2. Taga ɗaya za ta iya sallamar mota 30 a sa'a. Hankali zai ce in mota 28 ke zuwa, ai komai lafiya. Ba haka ba ne, domin motoci ba sa zuwa a jere kamar an tsara su. Uku za su zo tare, a yi shiru, huɗu su sake zuwa. Lokacin da taga ta zauna babu kowa ya tafi ke nan, ba a adana shi don gaba. Wanda ya fara lissafin wannan shi ne Agner Krarup Erlang, injiniyan kamfanin tarho na birnin Kopenhagen a Danmak, a 1909. Bisa mafi sauƙin tsarin wannan lissafi, in mota 20 ke zuwa a sa'a, matsakaicin adadin motocin da ke wurin 2 ne. In 25 ne, su zama 5. In 28 ne, su zama 14. Direban da ya hango mota 14 ba zai tsaya ba, kuma mai rumfa ba zai taɓa sanin ya rasa shi ba.

Wannan shi ya sa ake yin taga biyu, shi ya sa kuma kamfanoni irin su Dutch Bros ke tura ma'aikata su bi layin da ƙafa suna karɓar oda kafin mota ta iso taga. Daƙiƙa 30 na tatsar gahawa ba sa raguwa, sai dai a rage abin da ke kewaye da su. Ma'aikacin da cunkoso ya firgita har ya yanke tatsa a daƙiƙa 15, ko ya sake hura tsohuwar madara, ya sallami motar yau ya kori ta gobe. Sauri ya haifi nawa.

Layin yana da wata illa ga na cikin rumfa. Motocin da ke jira suna fitar da hayaƙi, a cikinsa akwai iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 ko fiye. Na'urar tace hayaƙi da aka fara sa wa motocin Amurka a 1975 ta rage wannan ƙwarai, amma mai aiki a bakin taga na sa'o'i yana buƙatar iska mai ratsa ɗakin. Hayaƙi na cikin dalilan da birnin Minneapolis ya bayar a 2019 da ya hana gina sababbin tagogin sayarwa ga masu mota.

Abin da ke Dawo da Mai Saye

Jarin mai rumfa na gaskiya shi ne mutumin da zai dawo gobe da jibi, kuma a wannan bishiyar gahawa ta riga ta yi masa rabin aiki. Sinadarin kafin, wanda Bajamushe Friedlieb Ferdinand Runge ya fara tacewa daga gahawa a 1819, makami ne da tsiron ke kare kansa da shi daga ƙwari. Abin mamaki, ɗan kaɗan daga cikinsa yana cikin ruwan furen, kuma binciken da aka buga a 2013 daga Jami'ar Newcastle ta Ingila ya nuna cewa ƙudan zumar da ta sha shi ta fi tuna ƙamshin furen. Tsiron ya daɗe yana koya wa masu ziyararsa dawowa.

A ƙwaƙwalwar mutum, wani sinadari mai suna adinosin yakan taru muddin ana farke, ya riƙa shiga wasu gurabu a jikin ƙwayoyin jijiya kamar mabuɗi a kwaɗo, shi ne ake ji a matsayin gyangyaɗi. Kafin ya yi kama da shi a siffa. Yakan shiga kwaɗon ya zauna, bai buɗe ba, bai kuma bar mabuɗin gaskiya ya shiga ba. Gajiyar tana nan, labarinta ne bai isa ba. Yakan kai ƙololuwa a jini cikin minti 30 zuwa 60, hanta kuma takan ɗauki kimanin sa'a 5 kafin ta rage shi da rabi, ko da yake mutane sun bambanta ƙwarai, kuma ga mai juna biyu yakan daɗe fiye da haka. Wanda ya saba sha kullum, in ya fasa, ciwon kai kan same shi bayan sa'a 12 zuwa 24. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce a 2015 miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200.

Ba sai an je Oregon za a ga wannan ba. Sinadarin nan dai shi ne a cikin goro, kuma shi ya sa fatake suka yi ta tafiyar watanni daga Kano zuwa Gwanja da jakuna. Dattijon da kansa ke sarawa in bai ci goro ba, da direban da ke layin rumfa da asuba, abu ɗaya ke damunsu.

Gonar da Bai Taɓa Gani Ba

Agogo mafi nisa shi ne na gona. Irin gahawar da aka fi daraja, wato arabika, asalinsa tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, daga nan ya ƙetara Yaman, inda sufaye suke shan sa a ƙarni na 15 don raya dare. Yana son tudu da sanyi-sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22, shi ya sa a wannan yanki ake samun sa a tsaunin Mambila na jihar Taraba da tsaunukan yammacin Kamaru. Yakan yi shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara haihuwa. Yana kuma da wani rauni na gado. Furensa kan yi wa kansa barbara, kuma yawancin bishiyoyin da ke gonakin duniya sun fito ne daga 'yan tsirarun tsirrai da aka fitar daga Yaman. Kusan dukkansu 'yan gida ɗaya ne, cutar da ta kama ɗaya tana iya kama saura.

Haka ya faru a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. A 1869 aka ga wata fumfuna mai suna Hemileia vastatrix tana yi wa bayan ganye tabo ruwan lemo kamar tsatsa. Ganye ya zube, bishiya ta kasa ciyar da 'ya'yanta. Cikin shekara 20 noman gahawa ya durƙushe a tsibirin, aka koma shayi. Cutar ta isa Birazil a 1970, ta kuma yi mummunar ɓarna a Amurka ta Tsakiya a 2012 da 2013. Ban da ita akwai sanyi. Birazil ce ke noma kimanin kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya, kuma daren sanyi ɗaya mai daskarar da raɓa ya isa ya ƙone ganyen miliyoyin bishiyoyi, kamar yadda ya faru a watan Yuli na 1975 da kuma na 2021. Bayan fari a Birazil da Biyetnam, farashin arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 a kan kowane laba a watan Fabrairu na 2025, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

Babban kamfani yakan ƙulla cinikin watanni masu zuwa tun da wuri. Mai rumfa ɗaya sai dai ya ga sabon farashi a takardar dillali. Daga nan zaɓinsa kaɗan ne. Ko ya ƙara kuɗin kofi ga mutanen da bai gama sabawa da su ba, ko ya haƙura da ribar, ko ya nemi gaurayen da aka sa wa robusta, ɗan'uwan arabika mai jure zafi da tsatsar ganye, wanda yawanci ya fi araha. Robusta ya fi ɗaci, amma madara da sukari kan rufe wannan. Abin da ba sa rufewa shi ne kafin, domin arabika yana ɗauke da kimanin kashi 1.2 cikin ɗari na nauyinsa, robusta kuwa kimanin 2.2. Malamin makarantar da ya saba tsayawa a taga da la'asar ba lalle harshensa ya gane an sauya buhu ba, sai da tsakar dare in barci ya ƙi zuwa.